Muryar Malam Jafaru

Sharhabilu ɗan fari ne ga Malam Jafaru na Darini. Ya karanci kimiyyar kwamfuta a Zariya, ya dawo Safana ya kama shago kusa da tasha, ya ƙera manhajar da manomi zai kira ta waya ta faɗa masa lokacin shuka da maganin tsutsar dawa.

Wata uku babu wanda ya kira sau biyu. Wani dattijo a Ruma ya faɗa masa dalili: "Ɗana, abin naka ba ya gaisuwa."

Sai ya zaunar da mahaifinsa kwana tara yana naɗar muryarsa, tun daga ina kwana har ya haƙuri. Manhajar ta koyi gaida babba daban, yaro daban, tana tambayar iyalin kowa da sunayensu. Kafin kaka, ƙauyuka arba'in na kira. Da Malam Jafaru ya rasu, waɗanda suka raka shi makabarta suka ci gaba da gaisawa da shi ta waya, wasu ma sun ce ya fi sakin fuska.

Bara ne muryar ta yi wa Gambo mahauci ta'aziyyar ƙanensa. Gambo ya yi dariya, don da hantsi suka rabu. Da la'asar aka kawo gawar daga hanyar daji. Haka ta faru a gida huɗu. Sharhabilu ya bayyana wa jama'a cewa na'ura lissafi take yi da abin da masu kira ke faɗa. Bayanin ya gamsar da kowa, ban da shi.

Ran Talata mahaifiyarsa Turai ta zo shagon a bayan babur, ita da ba ta fita.

"Kai, kashe abin nan."

"Inna, mutane na jiran ranar shuka."

"Yau ya ce da ni, ya haƙurin Sharhabilu."

Ya bincika naɗin kwana taran nan kaf. Sunan ba ya ciki. Malam Jafaru mai alkunya ne, har ya koma ga Allah bai taɓa ambatar sunan ɗan farinsa ba.

Sharhabilu ya zare wayar wuta, ya cire batir, ya kulle shagon daga ciki. Suka zauna a benci ɗaya, Turai na riƙe da bakin rigarsa. A masallacin tasha an fara kiran la'asar.