Ranar da Albano Ya Faɗi Gaskiya

Ke Benedita, ajiye wayar nan ki dubi kakarki. Kin taɓa ganin mutumin da gari guda ya dogara da ƙaryarsa kamar yadda ake dogara da agogon coci? To ni na gani. Shekara ashirin da wani abu ina gasa kifin sardin a gefen rumfarsa, nan bakin tekun Matosinhos. Albano sunansa.

Ubansa masunci, kakansa masunci, duk mazan gidansu a jirgin kamun kifi suka tsufa. Shi kuwa ranar farko da aka saka shi jirgi, tun ba a wuce katangar tashar jiragen ruwa ta Leixões ba ya amayar da abin da ya ci da wanda bai ci ba. Ubansa ya sauke shi ya ce wannan na uwarsa ne. Sai ya kafa 'yar rumfa a kan yashi, yana sayar da kofi da burodi. Amma ido, ya gaji idon masunta. Da safe zai tsaya riƙe da kofinsa ya dubi teku, ya saurari yadda take dukan katanga, ya gaya miki abin da za ta yi da azahar, kuma haka za ta yi.

Ana nan sai samarin Porto suka fara zuwa, masu dogon gashi, kowa da allonsa a hammata. Su kwanta a kan allo su yi ta tuƙi da hannu, in igiyar ruwa ta taso su miƙe tsaye ta kawo su gaɓa, su sake komawa. Tekun da ta cinye mana maza, su wasa suka zo yi da ita. Muna dariyarsu, ashe abin ya shiga ran Albano. Yana da shekara arba'in ya sayi tsohon allo. Na ce, "Kai da ke amai a jirgi?" Ya ce, "Deolinda, allo ba ya warin man inji."

Bai iya ba. Kai, bai iya ba ko kaɗan! Kafin ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya dafa, ya nemo ɗaya gwiwar, igiyar ta isa gaɓa ta koma. Su kuma dokarsu, igiya ɗaya mutum ɗaya, wanda ya riga miƙewa shi ke da ita. To ki gaya min, in da mutane a ruwa, yaushe Albano zai riga wani?

Lokacin nan duk bakin tekun waya ɗaya ce, tana rumfarsa. Mutum ba zai ƙona mai daga Porto a banza ba, sai ya bugo tukuna. "Kawu Albano, yaya teku?" Da farko gaskiya yake faɗa. Wata Asabar ya ce musu ta yi kyau, mutum sittin suka zubo. Awa uku yana yawo a ruwa kamar murfin kwalba, ko igiya ɗaya ba a bar masa ba. Ya fito leɓe ya yi shuɗi, ya zauna kusa da murhuna yana rawar sanyi. Daga ranar ya rufe shagon gaskiya.

In teku ta yi kyau sai ki ji shi a waya, murya kamar mai ta'aziyya: "Kayya ɗana, kwance take kamar miya a faranti. Koma ka yi barcinka." In kuwa ta lalace, iska ta hargitsa ta, sai ya ce, "Maza ku zo, ban taɓa ganin irinta ba!" Su zo su tarar ba komai, sanyi ya kama su, su saye masa kofi.

Ba a yi shekara ba suka gano shi. Kin zaci sun yi fushi? Ina! Murna suka yi. Hasashen jarida yau ya dace gobe ya kuskure, na Albano kuwa ba ya kuskure, juya shi kawai za ka yi. Har sabon shiga ana koya masa: in Kawu ya ce zo, kwanta, in ya ce kwanta, ɗauki mukullin mota. Shi kaɗai ne bai san an gane ba, yana ta mamakin yadda mutane ke dacewa.

Da ya farga, sai ya daina ɗaukar wayar, ya shige ruwa abinsa. Suka ce in waya ta yi ta kuka ba a ɗauka ba, Kawu na cikin ruwa, a ruga. Sai ya roƙe ni in riƙa ɗauka ina cewa yana bayan gida. Bayan sati biyu suka ce in Iya Deolinda ta ɗauka, a ruga da gudu biyu. Da zamani ya canza aka kafa kyamara a saman gini tana nuna teku a wayar kowa, sai ya riƙa kwasar hanjin kifina yana watsawa a ƙarƙashinta. Tsuntsayen teku su taru su yi ta kashi. Wata guda mutanen Porto ba abin da suke gani sai gindin tsuntsu. Suka koma bugo masa.

Yana da 'ya ɗaya, Graciete, uwarta ta rasu tana ƙarama, a rumfar nan ta girma. Tana shekara bakwai ta miƙe a kan allo, tana goma ta fi ubanta nesa ba kusa ba. Yana sonta kamar ransa, amma ita ma ƙaryar yake mata, don ita ma ƙwace masa igiya take yi. Ta girma ta samu aiki a kantin magani a Porto, ta shiga layin masu bugowa suna juya maganarsa.

To, ranar da nake son ba ki labari, Asabar ce cikin Oktoba, Albano na da sittin da takwas. Gari ya waye garau, rana ta fito, iska mai laushi na fitowa daga tudu, irin wadda masu allo suke so. Hasashen waya ya ce igiya matsakaiciya. Albano ya tsaya da kofinsa har ya huce bai kurɓa ba. Tsakanin igiya da igiya akwai tazara mai tsawo, kuma dukan katangar nan ba a kunne yake jin sa ba, a tafin ƙafa. Ya san irin wannan, manyan igiyoyi na tafe daga nesa. Ga shi hadarin satin da ya wuce ya kwashe yashin gefen katanga ya yi rami, daidai inda masu allo suke bi su shiga. Da ruwa ya fara janyewa wajen sha ɗaya, ramin nan zai ja mutum ya kai shi kan duwatsu.

Waya ta yi kuka, ya ɗauka da kansa. "Kada ku zo," ya ce. "Yau ba wasa nake ba. Na rantse da kabarin uwata, wanda ya shiga ba zai fito ba."

Yarinya, kafin ya ajiye kan wayar labari ya gama Porto. Kawu ya rantse da kabarin uwarsa! Shekara talatin yana ƙarya bai taɓa kai wa nan ba, lallai yau igiyar da ake jira ce. Wani mai cire haƙori ya bar mutum baki buɗe. Wani ya baro ɗaurin auren ƙanwarsa da kwat a jiki.

Na ce masa, "Kai ma da wauta. Ce musu su zo mana, sai su zauna."

Ya gwada. Da wani ya sake bugowa, Albano ya ce masa, "Zo maza, ta yi kyau." Mutumin ya kwashe da dariya. "Haba Kawu, ka ga mun gano ka shi ne za ka juya? Ga ni nan a hanya."

Kafin goma da rabi yashi ya cika, kowa ya durƙusa yana goga wa allonsa kaki don kada ƙafa ta zame. Albano na bin su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, suna dafa masa kafaɗa. "Sannu Kawu, yau har da hawaye?" Bai damu da su can can ba, sai da ya hango Graciete tana saukowa daga matakala, ta riga ta sa rigar roba ta shiga ruwa. Ya tare ta ya riƙe bakin allonta da hannu biyu.

"Ba za ki shiga ba."

"Ina kwana, Baba. Sakar min allo."

"Graciete, dubi idona."

"Na dube shi ranar da na cika sha takwas. Ka ce teku ta mutu, na tafi sayen takalmi, na dawo na tarar da kai kaɗai a ciki kana waƙa."

"Wannan daban."

"Ranar da na gama makaranta ma daban ce."

"Akwai rami gefen katanga, 'yar nan. Manya na zuwa."

"To ai manyan muka zo nema," ta ce, ta sumbace shi a goshi.

Ya tsaya yana kallonta. Ya laluba duk cikinsa, babu kalma ɗaya da ta rage wadda bai riga ya kashe ba. Sai ya ce, "Shi ke nan. Ni zan fara shiga. In na fito da ƙafata, ki shiga."

Aka yi shewa. "Ashe abin da tsoho ke so ke nan!" Wani ya ce, "Ku bar masa guda ɗaya don Allah, shekara talatin yana nema." Suka zauna kan yashi suna jiran kallo.

Ya shigo rumfa ya sa rigar roba, na ja masa zif. Ya ce, "Deolinda, kira jirgin ceto yanzu, kada ki jira in shiga." Na buga. Suka ce wa ya ce akwai haɗari? Na ce Albano. Na ji suna dariya ta can. Na ce, "To ni Deolinda nake faɗa, wadda ta binne miji da ƙane ba gawa a akwati. Ku tashi injin nan ko in zo in tashe ku." Suka ce ga su nan.

Albano ya bi ta gefen katanga, da gangan. Ko tuƙi bai yi ba, ruwa ya ɗauke shi, fiu, kamar an ja shi da ƙugiya. Mutane suka tafa, wai tsoho ya yi sauri yau. Sai can nesa teku ta yi duhu, ta kumbura, igiya ta farko ta taso, tsawonta ya kai benen makarantarku. Ta rufe shi. Ya ɓullo yana ɗaga hannu biyu, suka ƙara tafi. "Kai, Kawu ya iya wasan kwaikwayo! Dubi har da nitsewa!" Ta biyu ta zo, ta uku ta zo. Graciete na dariya tare da su, sai ga rabin allon ubanta ya iso gaɓa ya tsaya a ƙafarta.

Ihun da ta yi har yau yana kunnena. Ta zabura za ta faɗa ruwa, maza huɗu suka danne ta, su ɗin nan da ke tafi ɗazu. Jirgin ceto ya tsamo shi saura kaɗan ya bugi duwatsu, haƙarƙari huɗu a karye, huhu cike da ruwan gishiri. Ranar ko ɗan yatsa ba wanda ya tsoma a tekun nan. Kowa ya ɗauki allonsa ya koma mota kai a sunkuye, na ɗaurin aure ma ya samu cin abinci.

Sai kuma ga Albano ya zama gwarzo. Ɗakin asibiti ya cika da furanni har masu jinya na atishawa. Wai ya ba da ransa don ceton matasa, wai za a kafa ƙarfe a rubuta sunansa. Shi dai ba ya kula su. Graciete ce zaune gefen gadonsa sati uku tana ba shi miya a baki. Wata rana ya dubi taga ya ce za a yi ruwa da yamma. Rana tsaka, ko gajimare babu. Ta tashi ta je ta sayo laima. Na ga tsohon nan ya juya fuska bango yana share ido.

Likita ya ce huhunsa ba zai ƙara jure damshin teku ba, sai ya koma wajen ƙanwarsa can cikin tsaunuka, inda ba ruwa sai na rijiya. Can ya rasu bayan hunturu biyu, ban sake ganinsa ba.

Ranar tafiyar, Graciete ta kawo mota bakin rumfa. Masu allon nan suka yi layi, mai cire haƙori ya fito da takarda yana karanta jawabi, sadaukarwa kaza, jarumta kaza. Albano na zaune gaba da bargo a cinya. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya ta taga, ya kama min hannu ya ce:

"Deolinda, in na tafi ki faɗa wa waɗannan su daina kawo min furanni. Don 'yata na shiga. Da su kaɗai ne, wallahi da hannuna zan goga musu kakin."