Gansakuka da Rijiyar Babanmu

Sana'ata a Lome a waɗannan shekarun ita ce sayen kayan Turawa masu komawa gida. In Bature ya gama aikinsa a tashar jiragen ruwa, kukunsa zai aiko mini, in je in kwashe kayan gidan gaba ɗaya: kujeru, firji, fanka, har tukwanen fure. A haka na wayi gari da akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan teku, da kifaye shida masu launi kamar atamfa, da duwatsu masu rassa da Baturen ya ce murjani ne mai rai. Na daɗe ina sayar wa mata tsakiyar murjani, ban taɓa sanin halitta ce mai ci da sha ba.

Na riga na sami mai saye, wani Balabane, ɗan Labanan, da ke gina gida a wajen unguwar Hanukope. Ya ce in riƙe masa wata biyu har a gama ginin. Na sa aka ajiye akwatin a kantina na ƙofar gida a Zango, inda akwai lantarki. Baturen ya bar mini kwali ɗaya na kwalabe da takardu, da umarni guda: ruwan da zafi ya shanye, a mayar da shi da ruwan daɗi, ba na teku ba, don gishiri ba ya bin tururi.

Ruwan daɗi kuwa muna da shi. A tsakar gidanmu akwai rijiyar da babanmu ya haƙa shekarar da ya zo daga Arewa, ya ce sadaka ce, kada a taɓa hana kowa. Bayan rasuwarsa rabin layinmu daga nan suke sha. Mahaifiyata, Inna, kusa da ita take shimfiɗa tabarmarta, tana gaisawa da duk mai guga. Ta yi imani duk gugan da ya fito, lada ne yake tafiya kabarin mijinta. Ni ma haka na yi imani.

Da wannan ruwan na riƙa cika akwatin, kwano biyu kullum.

Sati biyu gilashin ya fara yin kore. A na uku gansakuka ta fito a kan duwatsun, doguwa kamar gashi, tana kaɗawa. Na goge da tsumma, na tsinke da hannu, kwana uku ta dawo ta fi da. Murjanin da ke buɗewa da safe ya daina buɗewa. Reshe ɗaya ya yi fari fat. Masu zama a bencin kantina suka sami abin yi.

"Alhaji, kai da ka ce kifi kake kiwo, ashe miyar kuka kake haɗawa?"

"A'a, ku bar shi. Baƙi ya yi daga teku, yana shuka musu gona."

Na yi dariya tare da su, amma ni mutum ne da ba ya son riƙe kayan da bai gane ba. Na ɗauki kwalin Baturen na tafi unguwar Be, wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Mina, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya ya buɗe ɗan shagon magani. Shi nake kai wa duk takardar Faransanci da ta fi ƙarfina. Ya karanta, ya sa hularsa ya biyo ni.

Ya tsaya gaban akwatin ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "Alaji, sau nawa kana ba su abinci?"

"Sau uku, Papa."

"Sau uku! Surukanka ne?"

Ya bayyana mini cewa ragowar abinci da kashin kifi suna ruɓewa su zama wani gishiri da ido ba ya gani, ana kiransa nitrat. Shi ne takin gansakuka. In ya yi yawa, ita ta yi ƙiba, murjani ya shaƙe. Ya ɗebi ruwan akwatin a 'yar kwalba, ya ɗiga magani daga cikin kwalin, ya girgiza. Ruwan ya yi ja-ja. Ya kara shi da wata takarda mai launuka daga fari zuwa ja wur, ya girgiza kai.

"Rage abinci. Ka rufe wannan taga, rana ta yi yawa. Ka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane sati, ka sa masunta su ɗebo maka sabo daga can cikin teku, ba bakin gaɓa ba. Wane ruwa kake ƙarawa?"

Na nuna masa kwanon, da alfahari ma. "Na rijiyarmu. Duk Zango babu mai daɗinsa."

Ya wanke kwalbar, ya zuba, ya ɗiga. Ina tsaye ina kallo ruwan rijiyar babanmu ya rine, ya wuce na akwatin, ya kai launin ƙarshe na takardar. Ya sake gwadawa. Haka dai.

Dattijon ya daina wasa. Ya ce in kai shi tsakar gida. Ya gaida Inna da ladabi, ya leƙa rijiyar, sannan ya taka daga bakinta zuwa bayan sababbin ɗakuna, yana ƙirga taku. Tara.

Waɗannan ɗakunan ni na gina su, shekara uku kafin nan, don fataken da ke sauka a gidanmu daga Nijar da Mali. Ni kuma na sa aka haƙa musu masai a wannan lungun, don shi ne filin da ya rage. Babanmu ya kai nasa can ƙarshen gida, na ɗauka tsohon yayi ne kawai. Ƙasar Lome kuwa yashi ce, ba ta riƙe komai: abin da ke cikin masan yana tsiyaya har rijiyar.

"Akwai jariri a gidan nan?" ya tambaye ni a hankali.

Akwai. 'Yata tana wata biyu, nonon uwarta bai wadata ba, ana dama mata madarar gwangwani da wannan ruwan.

"Babba zai iya sha shekaru bai ji komai ba. Jariri dabam ne, gishirin nan yana hana jininsa ɗaukar iska. Kuma kada ka ce za ka tafasa, tafasawa ba ta fitar da shi." Ya waiga, ya rage murya. "Kuma Alaji, ni ban gwada komai ba. Ka je ka ce ruwan babban birni ba shi da kyau, za a tambaye ka wa ya aiko ka."

Gaskiya ya faɗa. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, ƙasa tana ci gaba kullum a rediyo, kuma mu 'yan Zango kullum ana neman dalilin cewa unguwarmu ƙazanta ce a tsakiyar gari. Magana irin wannan in ta fita, ba rijiyata kaɗai za ta ci ba.

A ranar na sa aka fara sayo ruwan famfo don jaririyar. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce Inna.

Na durƙusa gefen tabarmarta bayan la'asar na faɗa mata komai, har laifina. Na kawo kwalbar na nuna mata.

Ta dube ta, ta dube ni. "Shekara arba'in ina shan ruwan nan. Da shi na yi wankan jegonka. Yau kifin Nasara ne zai gaya mini rijiyar ubanka najasa ce?"

"Inna, ba kifin ba ne. Ni ne na ɓata ta."

"To ka cike masan."

"Zan cike. Amma abin ya riga ya shiga ƙasa, Papa ya ce zai daɗe."

"Papa!" Ta juyar da kai. "Wanda ya haƙa ta ya bar wasiyya. Kai ka san abin da za ka gaya masa."

Kwana huɗu na yi ina jinkiri, ina kallon matan layi suna ɗiba, wasu da goyo a baya. A na biyar na kira kafinta ya yi wa rijiyar murfi, na sa kwaɗo. Na bar wa matata ta raɗa wa masu jarirai dalili, ɗaya bayan ɗaya. Sauran mutane na ce musu bangon rijiyar ne ke zubewa. Ba su yarda ba. Aka ce Alhaji ya yi kuɗi ya rufe sadakar ubansa. Aka ce ruwan yake adana wa kifinsa. Bencin kantina ya ragu da mutum uku, cikinsu har da wanda muka yi makarantar allo tare.

Na cike masan, na sa aka jawo famfo zuwa ƙofar gida, na bar shi a buɗe ga kowa. Inna ta ce famfo na gwamnati ne, ladansa ban san wurin wa yake zuwa ba. Ta mayar da tabarmarta cikin ɗaki.

Akwatin kuwa ya warke a hankali. Abinci sau ɗaya, taga a rufe, masuntan Mina suna kawo mini jarka biyu daga can nesa kowace Asabar, ƙari kuma da ruwan sama da na tara a randa. Gansakukar ta yi fari ta fara sakin duwatsu, ja-jan kwalbar yana raguwa sati bayan sati. Reshen da ya mutu bai dawo ba, amma sauran suka buɗe. Balabanen ya zo ya ga ruwa garau, ya yaba, aka ɗora a mota. Kwalbar gwajin kaɗai na ɓoye ban ba shi ba.

Duk wata nakan buɗe kwaɗon in gwada. Har maganin ya ƙare, ruwan bai daina rinewa ba. 'Yata ta girma lafiya, yanzu tana da jikoki. Inna kuwa, a ciwonta na ƙarshe, ta roƙe ni ruwan rijiyar. Na buɗe, na ja guga da hannuna, na ba ta a moɗa. Ta sha, ta ce har yanzu babu mai daɗinsa. Na mayar da murfin na kulle.