Yadda Na Ƙara wa Motar Kafilina Wuta

A shekarata ta huɗu a Jidda ina aikin wayarin mota a wata warsha, wato gareji, da ke unguwar Khumra. Wata Asabar kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, dattijo mai gajen haƙuri da son a yaba masa, ya sa aka janyo masa tsohuwar mota mai ɗaki daga kasuwar gwanjo. Ciki akwai gado da murhu da ƙananan fitilu takwas a rufi. Injin ya daɗe da mutuwa, amma ko a jikinsa, shi wurin shan shayi yake so.

Ya sauke labule, ya kunna fitilun, ya tsura musu ido.

"Ya mu'allim, wutar nan nawa ce?"

Na ce, "Bolt goma sha biyu, ya ammi. Daga batir suke sha, duk irin motocin nan haka suke."

"Sha biyu? Gidana na Ruwais ɗari biyu da ashirin ne. Ɗakin direbana ma ɗari da goma. In tara manyan mutane in zaunar da su ƙarƙashin sha biyu? Yalla, ƙara mata!"

Na yi bayani har yawuna ya ƙafe cewa ƙwayayen ba za su ɗauka ba. Da na fita sallar azahar, sai ya jawo waya daga bangon warsha ya jona da hannunsa. Ina alwala na ji tas, tas, tas, kamar ana toya gugguru. Na ruga na tarar da shi cikin hayaƙi, ɓaraguzan gilashi a kan rawaninsa, yana murmushi.

"Ka gani? Sun ji wutar gaske sun tsorata. Nemo masu zuciya."

Abokin aikina, wani Badamagare mai walda da ya girme ni, ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, ka bar wahal da bakinka. Ba shi lamba ya gani."

Kwana biyu na yi ina sake wayoyin da suka ƙone. Na sa ƙwayaye irin na da sak, na tura batir ƙarƙashin gado. Badamagaren ya yanko gwangwani, na rubuta ɗari biyu da ashirin da jan fenti, muka kafa a saman ƙofa.

Bayan la'asar abokan kafili uku suka zo. Ya nuna musu gwangwanin, sannan ya kunna. Ɗaya ya kare fuska da tafin hannu. Ɗaya ya zaro baƙin tabarau. Na ukun ya ce yana jin zafin har tsakiyar kansa. Ni ina bakin ƙofa da butar shayi, da ƙyar nake ganin kofunan.

Bayan mako guda kafili ya kira ni, idanunsa jajur. Wai hasken ya yi yawa, har ya fara ɗiga magani. Na goge gwangwani na rubuta ɗari da goma. Ya ce yanzu kuma ya yi duhu, a tsakiya yake so. Na ce babu irin wannan wutar a ƙasar nan kaf.

"Halas, kai ne mu'allim. Nemo."

Na rubuta ɗari da sittin da biyar. Ya zauna, ya kurɓi shayi, ya ce idonsa ya huta.

Mai baƙin tabarau ya yi ta bina in je in sa masa irinta a gidansa na Kurayyat. Na ce ya yi haƙuri, iƙamata, takardar izinin zamana, ta gyaran mota ce kawai.