Fankar Tabarma a Ɗakin Inna

Da na dawo daga makaranta, abin da na fara gani shi ne igiya ta leƙo ta wani sabon rami a bangon ɗakin Inna. Baba ya sauke tsohuwar fankar zane da gara ta ci, ya rataya tabarma a azara. Haka ya gani a barikin Turawa, inda mai jan igiya yake zama a waje.

Na zauna a waje ina jan igiyar. Ina jin tabarmar tana lilo kamar kwalekwale a gulbi, Inna tana nishin zazzaɓi, amma ba na ganin fuskarta.

"Mi na ne?" in ji Baba, da ya ga na ɓata rai.

Na sunkuyar da kai. "Baba, don Allah ka maido igiyar ciki, in riƙa ja ina kallonta."