Malam Sambo Ya Tafi, Amsata Tana Cikin Jakarsa

Shekara da shekaru ina faɗa, ana cewa tsoho ya cika mita: a garin nan, wanda ba shi da akwatin gidan waya ba shi da suna. Kana Samaru, naka yana Sabon Gari, in ka taka da ƙafa ka isa kafin rana ta yi zafi, amma takarda ba ta isa sai an manna mata kan sarki an rubuta lambar akwatin wani mai hali. Na faɗa wa mai unguwa, na faɗa wa akawunan da nake yi wa gadi, kowa ya yi dariya ya wuce. Mutum ɗaya ne ya taɓa saurarona, shi ne kuma aka zo aka ce mini ya rasu.

Ina ƙofar gida bayan la'asar sai ga Baban Ngozi, mai sayar da kayan keke a kasuwar Sabon Gari, maƙwabcin rumfar marigayin. Bai taɓa tako unguwarmu ba. Ya cire hula ya ce, "Baba Tanko, Malam Sambo ya tafi o. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. An kai shi tun safe." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko gawarsa ban samu na raka ba, don wanda ke kawo mini labarin kowa shi ne a kwance.

Ni ban yi boko ba. Mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ne ke rubuta wannan, na kuma ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Malam Sambo tsohon masinja ne. Da ya bar aiki sai ya kafa tebur a kasuwa, da kekensa da jakar fata. Talakawan Samaru, Muciya da Basawa, ta hannunsa muke aika wa juna saƙo. Yakan ce, "Takardar da za ta kwana a garin nan ba ruwanta da jirgin ƙasa. Kawo ta nan." Ba kan sarki, ba lambar akwati. Sunanka kawai.

Da fari an sha rikici. Mu uku ne masu suna Tanko a layinmu: ni mai gadi, da mahauci, da wani mai wanki. Takardata ta taɓa kwana a rumfar mahauci har ta sha mai. Na je na tayar da jijiyar wuya, na ce masa in ba zai iya ba ya bari. Bai yi fushi ba. Ya jingine keke ya ce, "Zauna, Tanko. Mu bi sawunta. Wa ya ba ni, wa na ba, wa ya karɓa?" Ya bi hannu hannu har ya gano ranar bai same ni ba, ya bar wa mai shayi, mai shayi kuwa Tanko ɗaya ya sani, wanda ke ba shi tsire. Tun daga ranar ya yi wa kowa alama a bayan ambulan. Mahauci wuƙa, mai wanki guga, ni sanda. Ko wanda bai san bihim ba ya gane tasa. Ya ce, "Amma ka sani, sandar nan a jakata kawai take aiki. In ta fita daga hannuna zane ce kurum."

Takardun da nake karɓa daga wurin ɗana na fari suke. Ba na faɗin sunansa, haka muka gada, uwarsa ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗi ba. Lokacin yaƙi ya shiga soja ba da yawuna ba. Allah ya dawo da shi da rai, aka ajiye shi a barikin Basawa. Na rantse ƙafata ba ta shiga bariki, shi kuma ba ya shigo mini gida sai ya ajiye kaki. Har gobe ina kan gaskiyata: ɗa ne ke zuwa wurin uba. Malam Sambo ne ya tsaya tsakaninmu. Shi ke karanta mini, shi ke rubuta amsa. Alamar yaron hular soja ce, ƙarƙashinta ya rubuta Basawa, shi ke nan. Ya san ƙofar da yake bi, ya san wanda yake miƙa wa.

Wata rana na ce ya rubuta wa yaron cewa ba ni ba shi. Ya rufe alƙalami ya sa aljihu. Ya ce, "Wannan ba ta shiga jakata, ta yi wa keke nauyi. In kana so ka faɗa masa, ga hanya nan." Muka yi kwanaki ba na amsa sallamarsa. Bai fasa tsayawa ba. Ya ajiye mini goro a kan tabarma ya ce, "Gaishe da sarkin rikici," ya buga ƙararrawa ya wuce.

Yakan matsa mini: "Tanko, ka riƙe lambar sojan yaron nan da sunan rundunarsu. Ni ba dutse ba ne." Ni kuwa in ce masa, me zan yi da lamba, ɗana ne ko mota?

Takarda ta ƙarshe ta zo da damina. Matar yaron ta kusa haihuwa, ana kuma raɗe-raɗin za a ɗauke su zuwa Kudu. Ya ce yana roƙon in zaɓa wa abin da za a haifa suna. Da Malam Sambo ya gama karantawa ya dube ni ya ce, "Ka ji fa. Wannan durƙusawa ce ya yi." Na ce zan yi tunani. Uba ba ya amsawa da gaggawa kamar mai jiran a kira shi. Da na ga lokaci ya yi, na ce ya rubuta: in namiji ne a sa sunan mahaifina, in mace ce sunan uwar yaron, kuma ya kawo mini jikana in gani, ko da kakin ne. Malam Sambo ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya rubuta, ya ce gobe da sassafe zai kai ta. A goben ya kwanta ciwo.

Da na je gaisuwa gidansa a Muciya, mai ɗakinsa ta turo mini jakar daga bayan labule. Ta ce, "Baba, ku duba ko da taku. Yana ta ambaton Basawa har ya daina magana." Ga amsar tawa nan, ba a buɗe ba, da hular soja a baya.

Na kai ta gidan waya. Akawu ya juya ta ya ce, "Baba, wannan ai ba adireshi ba ne. Ina suna? Ina lamba? Wace runduna?" Na ce Sambo bai taɓa tambayata ba. Ya ce, "To ka kai wa Sambo."

Sai na taka har Basawa. Ban shiga ba, rantsuwata tana nan. Na tsaya a ƙofa, wani kofur ya ce wa nake nema. A gaban wannan baƙon, da tsufana, na buɗe baki na faɗi sunan da ban taɓa faɗi ba. Ya ce masu wannan suna sun fi a ƙirga, kuma an kwashe wasu a mota kwanan baya. Ina aka kai su? Ya ce ba a faɗa wa farar hula.

Allah ya jiƙan Malam Sambo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da kowane taku da ya yi tsakanin mutane. Allah ya ba mai ɗakinsa da marayunsa haƙuri, ya tsaya musu yadda ya tsaya mana. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Amma ku da kuka rage, masu akwati da masu lamba da masu hatimi, takardar tana aljihuna. Yaron nan yana can yana zaton ubansa ya ji roƙonsa ya yi shiru. Wataƙila an haihu, an raɗa suna ba da bakina ba. Ni ne Tanko mai gadi, na Samaru, mai alamar sanda. A cikinku wani ya san inda aka kai ɗana. Ya fito ya ba ni amsa tun ina da sauran numfashi.