Rufin da Asabe ta raɗa wa suna

Shekara shida ke nan da rasuwar Asabe, a irin wannan lokaci na sharar gona. 'Yata ce ta fari, shi ya sa har ta koma ga Allah ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, kuma ba a jarida zan fara ba. Ranar Asabar na haife ta a Gayam. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke ta tana da shekara talatin da ɗaya. Allah Ya jiƙanta. Na so in rubuta addu'a kawai in ajiye biro, to amma bana raina a ɓace yake, kuma abin da ya ɓata shi ya shafi aikin hannunta.

Zanen gini ta karanta. A Kaduna take aiki, a wani ɗan ofis su biyu da abokin karatunta, Yohanna. Idan ta zo hutu sai ta buɗe kwamfuta a tsakar gida ta zaunar da ni gefenta. A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, da ƙyar nake haɗa baƙi. Ita ta nuna mini cewa a manhajar da suke zane da ita ba a sake ƙirƙiro rufi ga kowane gida. Ana tsara iri guda, a faɗi tsayinsa da gangarensa da yadda bakinsa zai zarce bango, a sa masa suna a ajiye. Gobe in an zana wani gini sai a kira sunan nan, rufin ya zo ya zauna a kai. Haka ma dekin, wato rufin kankare.

Sauran masu sana'ar lamba suke sa wa nasu. Ita da Hausa take raɗa suna. Dekin mai kauri ta ce da shi Dutsen-niƙa, marar kauri Faifai. Rufin da bakinsa ya fito da yawa, Malfar-Baba. Dogon nan mai tsini da masu hali suke yayi yanzu ta sa masa Tsayin-banza. Takan ce, "Inna, karanta mini wannan." In karanta, in yi dariya, ta ce to na ci jarrabawa. Gaskiya da sunayen rufin Asabe na koyi karatu fiye da yadda na koya da littafin aji.

Ajin namu na mata a Gayam a zauren wani bawan Allah muke yin sa. Ta ce sai ta zana mana namu. Ta san filin da aka ba mu, ta san iskar farkon damina da ke fitowa daga wajen daji ba abin da ke tare ta. Ta yi kwanaki tana gwada rufi mai gangare huɗu, wanda ya kwanta ƙasa-ƙasa. Na tuna ta tsara guda biyu masu kama da juna. Ɗaya ta ce iska za ta sami wurin sa hannu a ƙarƙashinsa, ta sa masa Kaza-ta-tashi, ta ture shi gefe. Wanda ta yarda da shi ta kira shi Kaza-a-kan-ƙwai, har ta ajiye kwafinsa na biyu don gudun ɓacin rana.

Ba ta ga ginin ba. Bayan rasuwarta zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, muka dawo cikin gari, wasu suka nufi dangi. Sai bara waccan da aka ɗan samu sarari matan suka koma, maza suka buga bulo. Na aika wa Yohanna, tunda kwamfutar a hannunsa ta zauna, ya bugo mana takardar zanen. Malam Isa kafinta ya bi takarda, bai rage ba bai ƙara ba. Ranar da na je na ɗaga kai na ga Tsayin-banza a kan ajinmu. Na ce wannan ba na Asabe ba ne. Aka ce, "Inna, ga sunanta a takardar." Ni da na koyi karatu da furfura, sai na yi shiru. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Iskar farko ta bara ta ɗaga rufin ɗungurungum. A gonar dawar wani aka tsinto kwanon, an yi sa'a ranar kasuwa ce ba kowa a ciki. Damina ta wuce ba aji. Mace mai jikoki in ta ajiye fensir wata biyar, ba lalle ta sake ɗauka ba. Biyar daga cikinmu ba su dawo ba. In bana ma aka rasa rufi, ban ga wadda za ta rage ba.

Watan jiya na hau mota na je Kaduna da kaina. Yohanna yaro ne mai ladabi, shi ya riƙe gefen makara ranar jana'iza duk da ba addininmu ɗaya ba. Ya zaunar da ni, ya buɗe kwamfutar. Babu Malfar-Baba, babu Faifai. Rufi na ɗaya, rufi na biyu, rufi na biyu sabo, haka har ƙasa.

Ya ce, "Mama, ban goge ko guda ba. Masu kawo aiki ne suke dariya in sun ga sunayen, sai na gyara."

Na ce, "Ɗana, in ka kwance ƙyallen da na ɗaura wa kowane buhun iri, ai ba ka zubar da ƙwaya ba. Amma wanne zan shuka a fadama?"

Da ya bincika ya gano abin da ya faru. Wani mai gida ya nemi dogon rufi, shi kuma ya ɗauki guda daga cikin masu lamba ya ƙara masa tsayi, bai san shi ne a kan zanen ajinmu ba. Ashe in ka taɓa iri guda, duk ginin da ke ɗauke da shi sai ya canja. Da sunan yana nan, da hannunsa bai kai wurin ba. Ya sunkuyar da kai. Ban yi masa faɗa ba, ban iya ba. Amma ina tambayar kaina me Asabe za ta ce da ta ga an ji kunyar Hausarta a ofishin da ta buɗe. Ina jin dariya za ta fara yi, sannan ta zauna ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ku masu wannan sana'a, don Allah in kun gāji aikin wani, ku tambaya kafin ku gyara.

Ni da Yohanna muka bi nau'o'in rufin duka, muka ware gajeru guda biyu. Ɗaya kwafin Kaza-a-kan-ƙwai ne, ɗaya wanda ta ƙi, amma ba sunan da zai nuna wanne ne wanne. Na dama ya fi kwanciya amma bakinsa ya fi fitowa da kamar taƙi guda. Na hagu bakinsa gajere, ya ɗan fi tsayi. Yohanna ya ce a lissafi kowanne zai iya tsayawa. To ita ba lissafi kaɗai ta bi ba, ta tsaya a filin nan iska ta kaɗa mata mayafi.

Ya ce, "Mama, ke kika ga lokacin da ta yi. Ki zaɓa."

Abin da ya rage mini na Asabe ke nan. Ba gini mai sunanta, ba 'ya'ya. Layuka ne a cikin kwamfuta, da tsohuwa guda da ta san an taɓa kiransu da wani abu. Na sa tabarau, na duba, na cire, na sake dubawa. Na nuna na hagu.

Malam Isa ya fara ɗora katako ranar Litinin. Hadari ya soma haɗuwa ta wajen daji, matan kuma sun fara tambayata ranar komawa aji. Kowa ya ɗauka na sani. Ban gaya wa kowa a Gayam ba, sai ku: ban sani ba ko nata na zaɓa.