Gaton Da Aka Ce Ya Ƙone

Shekarar da ƙanena ya samu ɗansa na fari, ina zaune a Malbaza tare da maigidana, wanda ke aiki a kamfanin siminti. A gidan hayar da muke akwai wata maƙwabciya mutuniyar Kwatano, mijinta direban kamyo ne, babbar motar kaya. Ita ta koya mini wani irin gato, wato kek, da ban taɓa gani ba. Baƙi ne saboda garin shokola, cakulan ke nan, ba ya kumbura kamar sauran, cikinsa da ɗan danshi, a faranti mai faɗi ake gasa shi sannan a yanka gida-gida. Na gwada shi a gida, maigida ya yaba, yara suka lashe faranti. Wannan kaɗai ya isa ya sa na ɗauki kaina gwana.

Da Inna ta kira ni daga ƙauyenmu da ke kusa da Illela, tamu ta arewa, ba ta ƙetaren iyaka ba, ta ce matar ƙanena ta sauka lafiya, ban bari ta gama ba na ce gaton suna ni zan yi.

"Wane gato kuma?" in ji ta. "Ga fanke, ga cincin, ga waina."

"Nawa daban ne, Inna. Ke dai ki gaya mini mutum nawa za su zo."

"Mu ya mu ne. Ba taro za a yi ba."

Na ji daɗin wannan amsa, har na fara tunanin faranti uku sun isa. Sai Inna ta fara bayanin su wa ake nufi da mu ya mu. Akwai gidan baffanninmu duka. Akwai dangin maijego na Tajaye, waɗanda suka ce mota guda za su ciko. Akwai duk matan da Inna ta je sunan jikokinsu, kuma Inna ba ta taɓa jin an yi suna ta zauna a gida ba. Akwai mutanen Badagishiri da muka haɗa kaka da su. Bayan wannan, an gama girbi, babu mai aikin gona da zai hana shi fita, kuma sunan ya faɗo ranar kasuwa, duk wadda ta kawo wake ko kuɓewa za ta biyo ta yi barka.

Na ce, "Inna, ai wannan gari ne sukutum."

Ta ce, "To, wa kike so in cire?"

Na yi mata sallama. Na kira Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda ke sayar da atamfa a Ƙonni. Duk wani biki na danginmu ita ke riƙe da makullin ɗakin abinci, don haka na ce ita za ta sani. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya.

"Ɗiyata, kina ƙidayar kawuna, shi ya sa kika ruɗe. Mace ba da baki ɗaya take zuwa suna ba. In ta ci ɗaya, za ta ƙulle na yara a bakin zane, da na tsohuwar da ta bari a gida, da na maƙwabciyar da ta ara mata gyale. Duk abin da kika yi niyya, ki ninka. In kin ninka, ki ƙara."

Da yamma na kai wa maigida ƙara. Yana zaune a tabarma yana jiran shayinsa ya nuna. Shi mutum ne mai ganin duk matsalar duniya kamar lodin siminti ce, in an san girman mota an san buhun da za ta ɗauka. Ya ce abin ba shi da wuya ko kaɗan. A ba kowa yanka biyu, a san yanka nawa faranti ke fitarwa, a raba, shi ke nan.

Na ce, "Madalla. Kowa ɗin su nawa ne?"

Ya juya shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ya daɗe yana kallon kumfa. Can ya ce wannan ɓangaren na mata ne, shi lissafi kawai ya sani.

A ƙarshe na tsaya tsakanin lissafin Inna da na Gwaggo, sai tsoro ya kama ni na matsa kusa da na Gwaggo. Na je Ƙonni sayayya, ta bi ni kasuwa, duk abin da na ce a auna sai ta ɗaga wa mai shago gira ya ƙara. Mai kabu-kabun da ya kai ni tasha da buhun fulawa da gwangwanayen shokola ya tambaye ni ko shago zan buɗe.

Yini biyu muka yi muna gashi ni da maƙwabciyata a tanderun gas ɗinta. Gidan haya duk ya ɗauki ƙamshi, yaran unguwa suka dinga samun dalilin wucewa ta ƙofarmu. Maigida ya naɗa kansa mai duba aiki. Ya ce gefen faranti ba ya yankuwa daidai, kuma bai kamata a kai wa surukai abin da ba daidai ba, don haka duk gefen da aka yanke shi ke kawar da shi. Ban taɓa ganin ya riƙe wani aiki na gida da gaske haka ba. Muka jera yankan a manyan bokitai masu murfi, har suka cika, na dube su na ji ƙirjina ya buɗe.

Ranar tafiya ni da maigida muka haɗu da Gwaggo a Tsarnawa, inda hanya ke rabuwa. Ta shigo mota, aka ɗora mata bokiti ɗaya a cinya. Ba mu yi nisa ba ta ɗaga murfi ta leƙa. Ta mayar da murfin a hankali, kamar mai rufe ƙofar ɗakin marar lafiya.

"Gas ɗin nan naku na Malbaza yana da ƙarfi," in ji ta.

"Gwaggo, haka launinsa yake. Ki ɗanɗana."

"Na karya kumallo, ɗiyata. Allah ya ba da lada."

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Kafin azahar tsakar gidanmu ta cika da mata, har wasu suka shimfiɗa tabarmi a gindin rumbu. Inna tana ta kai da kawo tana cewa ba ta san inda mutane suka ji labari ba. Na jera gatona a manyan tire, na sa ƴan mata suka zagaya da shi.

Tiren fanke ya tafi ya dawo wayam. Na cincin ma haka. Nawa ya tafi ya dawo kamar yadda ya fita. Ba wadda ta yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Tausayi suka ji. Wata dattijuwa daga dangin maijego ta kamo hannuna ta ce kada in damu, ita ma ranar bikin ƙanwarta tuwo ya kama mata, kuma ga shi har yau tana raye. Wata ta ce in an kankare saman wataƙila cikin yana da kyau. Na yi ta bayani cewa shokola ce, suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, haka ne, irin yadda ake yi wa yaro in ya fasa tulu ya ce iska ce.

Inna ta ga abin ya yi yawa, ta zo kare ni. Ta tsaya a tsakiyar mata ta ce, "Ku yi mata uzuri. Tun tana ƙarama girki bai karɓe ta ba, karatun lakwal ta sa a gaba. Amma zuciyarta mai kyau ce." Mata suka ce wallahi an gani. Na koma bayan ɗaki na tsaya kusa da bokitaina, ina tunanin watan da za mu yi muna karya kumallo da gato a Malbaza, da irin bayanin da maigida zai yi mini kan lissafi.

Kakarmu ta wajen uba tana zaune a inuwar ɗakinta. Haƙoranta sun daɗe da tafiya. Kowane suna sai ta yi ƙorafi cewa masu soya cincin so suke su ga bayanta, fanke kuma mai ne ke tsaya mata a ƙirji. Tsakanina da ita tsokana ce tun ina yarinya. Ta hango ni, ta yafito ni da sandarta.

"Ke, kawo abin nan da kika ƙona in gani ko akuyata za ta karɓa."

Na ɗebo a ƙaramin faranti na dire mata. Ta ɗauki ɗaya, ta shinshina, ta matsa shi da yatsa ta ga ya lotsa. Ta gutsura. Ta daɗe tana juya shi a baki, idonta a kan katanga. Ta ɗauki na biyu.

"Yaya, Kaka?"

"Babu daɗi," in ji ta. "Ɗauko babban tiren can ki ajiye nan kusa da ni, kada ya ɓata wa baƙi ciki."

Na ajiye mata. Ta ja gefen zanenta ta rufe rabinsa. Matan da ke kusa suka lura, domin duk ƙauyen an san Kaka ba ta ɓoye abin da ba shi da amfani. Dattijuwar nan mai labarin tuwo ta matso ta ce bari ta taya tsohuwa, Kaka ta ce ba ta nemi taimako ba. Duk da haka ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Ta tauna, ta dube ni, ta kira ɗiyarta da ido.

Abin da ya biyo baya ban iya bin sa daki-daki ba. Na dai ga tire yana fita ba ya dawowa. Na ga ledoji suna fitowa daga jakunkunan da na ɗauka kayan barka ne a ciki. Wadda ta ce a kankare sama ta zo da kwanonta ta ce na mijinta ne, ba shi da lafiya, ko da yake da safe na gan shi yana fiɗar rago. Daga waje maza suka aiko a ƙaro musu wannan ƙonannen. Na jiyo muryar Gwaggo tana gaya wa mutanen Tajaye cewa ita da kanta ta zaɓi shokolar a Ƙonni, don ba kowace iri ke ba da wannan baƙin ba.

Kafin a kira la'asar bokitai sun zama fanko, har wata ta sa cokali tana kankare gindin ɗaya. Sai ga matan kasuwa sun fara shigowa, sun sayar da kayansu, sun kuma ji labari tun a hanya. Aka ba su fanke. Suka karɓa suna dubansa kamar an ba su sauran jiya. Wata ƙawar Inna ta ce ba komai, ta gane matsayinta a gidan nan, Inna ta bi ta har ƙofa tana rantsuwa.

Bayan magariba muka zauna a tsakar gida, kowa ya gaji, aka buɗe shari'a. Inna ta ce da mutane sun ci da kunya da ya isa har ya yi saura. Gwaggo ta ce ita tun farko ta ce a ƙara, ba a ji ba, tana faɗa tana gyara zaman jakarta da ke ƙamshin shokola. Maigida daga bakin zaure ya ce lissafinsa bai yi kuskure ba, yanka biyu ya ce, mutane ne suka ƙi bin lissafin. Kaka ta ce ita ba ta ga abin da ake yi wa hayaniya ba, ta shige ɗaki da wani ƙulli a hannu.

Na shiga wurin maijego in yi mata sai da safe. Yarinya ce mai kunya, yini guda tana ɗaki mata na shiga suna fita. Tana shayar da jariri, ta ɗago ta ce a hankali, "Yaya, wai mi ne ne wannan da aka yi ta magana a kai?"

Duk ƙidayar da muka yi, ni da Inna da Gwaggo da mai lissafi, babu wanda ya sa ta a ciki.

Da gari ya waye na duba jakata na samu ragowar shokola a gwangwani. Babu tanderu a ƙauye, sai na zuba rairayi a gindin tukunya, na ɗora ƙaramin faranti, na rufe, na sa garwashi a kan murfi, kamar yadda na taɓa ji ana yi. Ban san wutar itace ba kamar yadda na san ta gas. Da na buɗe, gindin ya kama, gefen ya yi tauri, hayaƙi ya shiga cikinsa. Wannan karon ya ƙone da gaske.

Na ɓoye shi a cikin gyale na kai mata ɗaki, na ja labule. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari. Ta gutsura, ta tauna, gefen yana ƙara a bakinta.

"Ashe haka yake," ta ce. "Dole su yi rububi."

Ban gyara mata ba. Na zauna a bakin gado na karɓi jaririn, ita kuma ta jawo farantin gabanta, ta sa hannu biyu, ta ci abinta har ƙasa.